Hitar Baba Simon

A 1974 ina aikin wayarin a reluwe ta Kafanchan, kuma kaina ya kumbura, gani nake ba abin lantarkin da zai gagare ni. Wata Asabar Madam Edna ta aiko a kira ni. Ita ce shugabar wata makarantar 'yan mata da gwamnati ta karɓa daga hannun mishan. Hitar gidanta ta yi kwana biyar ba ruwan zafi.

A bayan gida na tarar da Baba Simon, tsohon kukun Turawan da suka tafi, zaune a kan turmi, gwiwarsa naɗe da tsumma. Madam ta ce an sallami duk ma'aikatan gidan, shi kaɗai ta roƙa aka bari, da ɗakinsa, saboda hitar ba ta jin hannun kowa sai nasa. Ranar Litinin ya faɗo daga tsani, tun ranar famfo ya koma sanyi.

Na duba fis, lafiya lau. Na duba makunni, shi ma haka. Hitar tana kan wani dakali a saman bangon banɗaki ta waje, sai na hau tsanin. Matakalarsa sun sha ƙafa har sun yi santsi. Na buɗe murfin waya, na ga wayar a tsinke, ta yi kore, zanzaro ya gina ɗaki a kanta. Ƙarfen da ke dafa ruwan ya ƙone tun ba yau ba. A bayan tankin kuwa ga mazurari an ɓoye, ga toshiyar sama ta sha buɗewa.

Nan take na gane. Tsohon nan ne ke dafa ruwa a murhu kowace asuba, ya hau da bokiti ya ɗura. Da mai hankali ne ni, da na sauko na tambaye shi a keɓe. Amma dariya ta kama ni, ga kuma son a san na iya.

“Madam, ai wannan hitar ta fi shekara goma da mutuwa,” na ce daga sama, ina ɗaga mazurarin. “Ga hitarki can zaune a kan turmi.”

Ba wanda ya taya ni dariyar.

“Baba, gaskiya ne?” in ji Madam.

“Gaskiya ne, Madam. Ni na kunna shi ba ruwa a ciki, ya ƙone. Na ji tsoro Baturiya zai kore ni. Shekara sha ɗaya ke nan.”

Ta daɗe tana kallon gwiwarsa. Ba muguwa ba ce, amma a rubuce ta shaida wa hukuma cewa mai kula da hita ne, in hitar ta gyaru kuwa ba sauran hujjar barinsa. Ta tambaye ni ko tana gyaruwa. Na so in ce a'a, sai dai bakin da ya yi ɓarna ba ya iya ɗinki. Na ce tana gyaruwa.

Ran Laraba na sa sabon ƙarfe, ruwa ya zo da zafi har da tururi. Baba Simon ya sa yatsa a ƙarƙashin famfon, ya janye.

“Ka iya aiki, ɗana,” ya ce. Har yau kunyar maganar nan ba ta sake ni ba.

Ƙarshen wata na gan shi a tashar mota da akwatin kwano, yana jiran motar garinsu Kagoma, inda ba shi da gona ko ɗa. Na tsallaka titi don kada mu gaisa.