Jan Layin da Ya Bi Ta Dakalin Tela

Ranar Litinin ma'aikatan lantarki suka zo da igiyar awo da gwangwanin fenti, suka ja jan layi tun daga bakin titi har ƙarshen unguwa. Suka ce nan za a haƙa rami a binne wayar wuta, a huta da turakun da iska ke kayarwa. Kowa ya yi murna ban da tela, domin layin ya bi ta tsakiyar dakalinsa.

Dakalin nan ba wani abin kirki ba ne, siminti ne taku uku a ƙofar shago. Amma da hannunsa ya gina shi, kuma a kansa yake wuni yana gyara wa duniya zama.

"Maigida, ka je ofishinsu ka yi magana mana," in ji matarsa.

"Ofis? Su fenti suka sani. Ni ma ina da fenti."

Da ma ya lura masu awo daban ne, masu haƙa daban, ba sa haɗuwa. Masu awo sun tafi, masu haƙa sai Alhamis. Ranar Talata da rana tsaka, ko kunya babu, ya kankare layin da buroshin ƙarfe, ya ja sabo wanda ya kauce wa dakalin ya faɗa ƙofar maƙwabcinsa mai wanki.

Mai wanki ya fito ya tarar da layi a ƙarƙashin igiyar shanyarsa.

"Maƙwabci, jiya ba nan layin nan yake ba."

"Ƙila zafin rana ne ya lanƙwasa shi."

"To, ara mini ragowar fentin. Zafin ranar ya iso wajena ni ma."

Mai wanki ya tura wa mai gyaran rediyo. Mai gyaran rediyo ya tura wa tsohuwa mai kaji, ita kuma ta sa jikarta ta kewaye akurki da shi. Kafin yammacin Laraba babu gidan da bai taɓa layin ba. Manya ne duk, masu iyali, amma ba a sami mutum ɗaya da ya ce wannan ba daidai ba ne. Gardamar da suka yi kawai ita ce wa ya ƙarar da fentin.

Alhamis masu haƙa suka iso da diga da shebur. Ɗayansu ya bi layin da ido, ya ga ya karkace kamar sawun maciji.

"Shugaba, wanda ya ja wannan lafiyarsa ƙalau kuwa?"

"Ba a ɗauke mu aikin tambaya ba," in ji shugabansu. "Inda ja yake, nan diga."

Kwana huɗu suna haƙa. Tela na zaune a kan dakalinsa yana miƙa musu ruwan sanyi, yana cewa bai taɓa ganin ma'aikata masu bin ƙa'ida irinsu ba.

Sai babbar mota ta kawo wayar, naɗe a jikin wata ƙatuwar gangar katako, kaurinta ya kai damtsen ƙato. Injiniyar aikin ta sauko, mace ce gajera mai hular kwano. Ta dubi ramin, ta dubi taswirarta, ta juya taswirar ƙasa sama, ta sake duban ramin.

"Wa ya ja wannan layin?"

Kowa ya ɓoye hannu a aljihu. Tela ne bakinsa ya kasa shiru.

"Ranki ya daɗe, ai waya ce. A lanƙwasa ta mana. Mu ma haka muke yi da zare."

"Baba, bismilla. Zo ka lanƙwasa."

Ya zo. Ya kama bakin wayar ya danna, ya sa gwiwa, ya rataya a jikinta ƙafafunsa na lilo. Wayar ko gezau. Hularsa ce kawai ta faɗa rami.

Injiniya ta sa aka sake jan layin asali, ta ɗauko kujera ta zauna a kansa har aka fara haƙa. Bugu biyar aka yi wa dakalin tela da guduma, ya zama tarihi.

"To wannan karkataccen ramin fa?" in ji mai gyaran rediyo.

"Ba ya cikin taswirata. Masu shi su cike abinsu."

Haka unguwa ta fito da kwanuka da bokitai. Ƙasa ta ƙare, rami bai cika ba, sai aka koma kan ɓaraguzan dakalin. Tela da kansa ya riƙa ɗiba a kwanon wanki yana zubawa, mai wanki na biye da shi yana tattakewa.

"Maƙwabci, gaskiya ka zuba siminti mai kyau," in ji mai wanki. "Kawo wancan babban, nan akwai saura."