Ranar da Koci Ya Zo Gidan Dogara

Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin filin ƙwallo na Kafanchan a shekarun nan na bayan yaƙin basasa ya san Meshak ɗan Dogara. In bai san sunansa ba, ya san ƙafarsa ta hagu. Baƙi ne siriri, yana koyon walda a wata rumfa kusa da tashar jirgi, gidansu kuwa can bayan Fadan Kaje. Ranar da kekensa ya yi faci ba ya jiran kowa, sai ya rataya takalmansa a wuya ya kama gudu, ya iso gari ya yi aikinsa, da yamma kuma ya shiga fili ya wahalar da 'ya'yan mutane. Zama wuri ɗaya ne kawai bai iya ba. Uwarsa Afiniki takan ce ko a coci ƙafafunsa suna nasu wa'azin a ƙarƙashin benci.

Da ya gama koyon walda, garuruwa biyu suka kira shi. Na farko Kaduna. Wansa Gregory yana aiki a wata masaƙa a Kakuri, ya aiko direban mota ya ce akwai gurbi a wajen masu gyaran injuna, ga ɗaki ga tabarma, ya taho kawai. Amma Meshak ya taɓa kai masa ziyara, ya ga abin da idonsa. Gregory da ya kayar da samarin ƙauye uku a kokawa, yanzu ga tumbi, ga tarin ƙurar auduga, ya dawo daga aiki ya zube kamar buhun acca, ko Lahadi sai an tashe shi. Meshak ya ce a ransa, Allah ya kiyaye.

Na biyu Jos. Wani kamfanin kuza a wajen Bukur yana da ƙungiyar ƙwallo: walda da safe, atisaye da yamma, wasa ran Asabar. Ga iska mai sanyi, ga duwatsu da mutum zai yi ta hawa har ya gaji. Kocinsu, wani ƙaton mutumin bakin teku mai Hausar kasuwa, ya ga Meshak ya ci ƙwallo biyu a wani wasa, ya kama hannunsa ya ce, “Yaro, ni yana son mutum ɗaya don hagu. Ɗaya kawai. Kai za ka zo?”

Za ka zo! Ai Meshak ya riga ya tafi tun kafin mutumin ya rufe baki. Sai dai kocin ya ce ba ya ɗaukar ɗan kowa sai ya ga ubansa, domin ya taɓa ɗaukar wani yaro da aka ɓoye masa ciwonsa, ya faɗi a fili, shi aka bari da jidali. Ya ce zai zo gida ran Alhamis.

Meshak ya samu ubansa a gonar citta, ya durƙusa. “Baba, mutumin Jos zai zo ya tambaye ka a kaina. Don Allah ka faɗa masa gaskiya.”

Dogara bai ko ɗaga kai ba. “Ka taɓa jin na yi ƙarya? Tashi ka ba ni wuri. Na san yadda ake karɓar baƙo tun ba a haifi uwarka ba.”

To, a nan ne matsalar take, kuma bari in faɗe ta a fili, don har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. A wajenmu uba ba ya yabon ɗansa a gaban baƙo. Abin kunya ne, kuma ana tsoron baki, kar a yabi yaro a ja masa tsiya. Ko 'yarka aka zo nema, cewa za ka yi ba ta iya miya ba, ba ta jin magana, su kuma masu neman su ce a'a Baba, mun gani da idonmu, haka muke son ta. Kai ka kushe, baƙo ya yi gardama, a yi dariya, a gama magana. Kowa ya san haka. Kowa, ban da mutumin da ya taso inda uba yake tsayawa tsakar kasuwa yana ihun cewa ɗansa ya fi na kowa.

Ran Alhamis da hantsi kocin ya iso kan babur, duk jar laka a wandonsa. Aka shimfiɗa masa tabarma a gindin mangwaro, aka kawo kunu. Yaro ba ya zama inda manya suke maganarsa, don haka Meshak ya laɓe bayan rumbu, uwarsa tana gefensa tana yi kamar tana tsince wake.

“Baba,” in ji kocin, “wannan yaro naka, yaya halinsa?”

Dogara ya gyara zama, ya yi tsaki mai daɗi, irin na uban da ransa ya yi fari. “Meshak? Ai wannan ba shi da amfani. Malalaci ne na ƙarshe. Ci da barci, shi ke nan.”

Kocin ya ajiye ƙwaryar kunu. “Amma yana gudu sosai. Ni ya gani.”

Ga gardamar da Dogara yake jira! Daɗi ya kama shi, ya ƙara wuta. “Gudu? Wane gudu? In ya ɗan taka daga nan zuwa rafi sai haki. Ƙirjinsa ba kyau tun yana goye.”

Meshak ya zabura zai fita, Afiniki ta damƙe wuyan hannunsa. “Kul! Ka fita ka kunyata ubanka a gaban baƙo? Yi shiru, ai magana tana tafiya daidai.”

“Ƙirji?” in ji kocin, murya ta sauya. “Ƙirji ba kyau?”

“Ko kaɗan. Ga kunnen ƙashi. In dai yaron kirki kake nema, ga Simon can, ɗan maƙwabcina Bartholomew. Wannan shi ne yaro.”

Shi ma wannan cikin tsarin ne, ka kushe naka ka yabi na maƙwabci. Dogara ya jingina da mangwaro yana jiran baƙo ya ce a'a Baba, naka muke so. Sai baƙo ya miƙe, ya karkaɗe wando, ya ce, “Na gode, Baba. Kai mutum mai gaskiya.” Ya tura baburinsa ya nufi gidan Bartholomew.

Simon ɗin nan shi ne yake zaman benci a ƙungiyar su Meshak, sai Meshak ya gaji ake sa shi. Bartholomew kuwa tsohon soja ne, ya baro kunyarsa a bariki. Har daga bayan rumbu Meshak yana jiyo muryarsa: ɗansa barewa ne, ɗansa bai taɓa ko mura ba, a ɗauke shi yau ma in ana so.

Da Meshak ya ji tashin babur ya fizge hannunsa. Ya tsallake shingen ƙaya, ya keta gonar dawa, ya yanke ta bayan makaranta, ba takalmi ba komai, zuciya tana tafasa. Babur fa! Amma ya cim masa a mashigar rafi inda dole a rage gudu, ya sha gabansa ya riƙe kan babur ɗin.

“Koci, ka tsaya! Abin da Baba ya faɗa ba haka ba ne. Al'adarmu ce. Lafiyata ƙalau!”

Maganar tana fita guntu-guntu, don ga gudu ga baƙin ciki. Kocin ya zuba wa ƙirjinsa ido yana hawa yana sauka, ya girgiza kai.

“Ka gani? Haki. Babanka ya faɗa.”

“Babur na biyo da ƙafa! Wane ne ba zai yi haki ba?”

“Yaro, uba ba ya ɓata ɗansa don wasa. Ni ba ya so wani ya mutu a fili nawa. Na ba Simon. Yi haƙuri.” Ya zare hannun Meshak daga kan babur, ya ratsa ruwan ya wuce.

Meshak ya dawo gida ya tarar da ubansa yana wasa garma, har da 'yar waƙar coci a bakinsa.

“Yaushe ya ce za ka fara?” in ji Dogara.

“Ya ɗauki Simon.”

Dutsen washin ya tsaya. “Wane Simon?”

“Simon da ka ba shi! Ka ce ni malalaci ne, ka ce ƙirjina ba kyau, ka nuna masa gidan da hannunka! Baba, me na yi maka? Wane noma ne ban yi ba? Wace rana ce na kwana ban ɗebo maka itace ba? Abu ɗaya na roƙe ka a duniya, ɗaya!”

Dogara ya miƙe, shi ma ransa ya ɓaci, amma ba da kansa ba. “Wane irin sakaran baƙo ne wannan? A ce masa yaro ba kyau, ya ce to? Ba shi da iyaye ne? Ba a koya masa magana ba?”

“Ba ɗan nan ba ne! Ka ji Hausarsa, ka ga fuskarsa!”

“To so kake in buɗe baki in yabe ka gaban wanda ban san asalinsa ba? A ji, a sa maka ido, ƙafar ta shanye? Ni ubana har ya mutu bai taɓa ce mini sannu ba, ga ni nan ban lalace ba!”

“Ai gara ta shanye! Me zan yi da ita yanzu? In kai ta Kakuri in jingine ta jikin inji?”

Afiniki ta shiga tsakani tana kiran sunan Yesu, tana cewa maƙwabta suna ji. Su ji mana! Ai a gidan Bartholomew an riga an kama zakara ana fige shi. Meshak ya shige ɗaki ya ja ƙyauren da ƙarfi har ƙasa ta zubo daga bango. Daga ranar bai ƙara gaishe da ubansa da baki ba, sai dai ya durƙusa ya tashi. Fili ma ya daina zuwa. Da labari ya zo cewa Simon ya buga wasansa na farko a Jos, Meshak ya aika wa Gregory ya ce yana tafe.

Ranar tafiya ya hana kowa raka shi. Ya shiga jirgin Kaduna da akwatinsa na kwano, ya samu wuri bakin taga, kusa da wata 'yar kasuwa mai kwandunan citta da take ta faɗa da ɗan dako. Ana gab da tashi sai ya hango ubansa yana kutsawa cikin mutane, sanye da rigarsa ta zuwa coci, duk ya jiƙe da gumi. Da ƙafa ya zo tun daga gida. Ya bi tarago yana leƙa tagogi har ya same shi.

Meshak ya kau da kai. Dogara ya tsaya bakin tagar. Jirgi ya yi kuka, ya ja da ƙarfi. Sai tsohon ya kama bakin tagar yana bin jirgin, ya dubi matar nan da bai taɓa gani ba, ya ɗaga murya har mutanen tasha suka waiwayo.

“Baiwar Allah! Kin ga yaron nan? Ɗana ne! Duk ƙasar nan babu mai gudunsa! Ƙirjinsa kamar na doki, bai taɓa kwanciya ciwo ba! Ban da kamarsa, kin ji? Ban da kamarsa!”

Jirgi ya fi ƙarfinsa, ya saki tagar. Meshak ya cije leɓe, idonsa ya cika, takaici kamar ya fasa gilashin tagar da hannu. Tun yana yaro yake jiran ya ji wannan magana daga bakin nan, sai yau, sai ga wadda aka faɗa wa.

Matar ta ce, “To, madalla.” Ta taɓa gwiwarsa. “Ɗan samari, janye ƙafar nan taka in ajiye kwandona.”