Inda Ake Shanya Tukwane

Ran Laraba da la'asar Malam Yamusa ya gama duba takardun jarrabawar gwaji ta Turanci ta 'yan aji shida. Ya raba su kashi biyu a kan teburinsa kamar yadda ya saba, waɗanda suka ci a dama, waɗanda suka faɗi a hagu. Takarda ɗaya ta rage a hannunsa, ya kasa ajiye ta.

Ta Serah George ce, wata yarinya daga Ushafa, ƙauyen masu gina tukwane, da ke zama a layin gaba kusa da taga. Maki arba'in da huɗu ta samu, alhali hamsin ake nema. Dokar makarantar kuwa kowa ya san ta: wanda ya faɗi Turanci a gwaji ba a sa sunansa cikin masu rubuta jarrabawar kammala sakandare ta bana, sai ya maimaita aji. Alfarma ɗaya ake yi, a ba waɗanda suka faɗi damar sake gwajin sau ɗaya kafin a rufe jerin sunaye.

Ya sake buɗe takardar daga farko. Nahawu ta yi abin kirki. A ɓangaren kalmomi, biyu kawai ta kuskure. A auna fahimta ne ta zube, inda ake ba ɗalibi labari ya karanta ya amsa tambayoyi a kansa. Labarin bana a kan wani ƙauye ne da ake gina tukwane. Marubucin ya ce da an gama gina tukunya sai a fitar da ita rana ta bushe, kuma maza ne ke gasawa. Da aka tambayi inda ake shanya tukwanen, Serah ta rubuta da Turanci mai tsabta cewa a inuwa ake ajiye su kwana huɗu ko biyar, don rana tana tsaga ɗanyen yumɓu. Da aka tambayi masu gasawa, ta ce mata ne. Haka ta bi tambayoyi biyar cikin takwas tana gyara wa marubucin zance.

Malam Yamusa ya jawo tsofaffin littattafan aikinta daga kabad ya bi su shafi shafi. Labarin jirgin ruwa, ta cinye. Labarin ƙanƙara a ƙasashen sanyi, ta cinye. Amma duk inda aka zo maganar gona, ko itacen girki, ko ɗiban ruwa a rafi, sai jan biro ya cika shafin. Shekara biyu yana koyar da ita bai lura ba: abin da ba ta sani ba shi take ci, abin da ta sani shi ke kayar da ita.

Washegari ya kai wa mataimakin shugaban makaranta, Mista Dominic, sakamakon. Mista Dominic ya karanta amsoshin Serah yana dariya, ya ce ai yarinyar ta fi marubucin gaskiya, shi ma matarsa 'yar Bwari ce, maƙwabtan Ushafa, ya san wannan. Ya ce in Malam yana so ya lalubo mata maki shida, ba wanda zai ɗaga kai.

Shi ma Malam Yamusa tunanin ya zo masa a hanya. Amma ya ce wanda zai duba takardarta a babbar jarrabawa ba zai san Ushafa ba, takardar amsoshi kawai za a ba shi ya bi. In an ɗaga ta yau, can za ta faɗi, inda ba mai ɗaga ta.

"To, Alhamis mai zuwa za a sake," in ji Mista Dominic. "Juma'a ƙarfe sha biyu nake rufe sunaye. Bayan nan ko 'yata ce ba ta shiga."

Da aka fita tara Malam Yamusa ya kira Serah ofishin malamai, ya nuna mata takardar. Ta duba makin, ta duba jan biron, ba ta yi kuka ba. Ya bayyana mata a hankali cewa wannan ɓangare ba ilimin tukwane yake aunawa ba, so ake a ga ko ta fahimci abin da ke rubuce. Ta saurara har ya gama.

"Malam, amma ƙarya ya rubuta."

Ya ce ya yarda, sai dai abin da ke cikin labarin shi ake tambaya. Ta ce to. Ya ba ta wani labari a kan noman doya ta yi a gida.

Ran Juma'a ta kawo. Tambayoyi huɗu ta amsa daidai, huɗu ta bar su fili. Ya tambaye ta ko ba ta ga amsar a cikin labarin ba ne. Ta ce ta gani, har ta ja layi a ƙarƙashi. Mutumin ya ce ana dasa doya a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ba tare da an tara kunya ba, ita kuwa tun tana 'yar shekara bakwai take bin babanta gona. Ta ce ta ɗauki biro za ta rubuta, hannunta ya ƙi.

"Sunana ne a saman takardar, Malam. Duk wanda ya karanta zai ce ni na faɗa."

Ya sake bayani, ya kawo misali, ya sake kawo wani. Tana ta cewa to, yana kuma ganin to ɗin ladabi ne kawai. Da ta fita ya zauna yana juya murfin biro. Gyara wa marubuci da barin fili duk sifili ne, ga kwana shida kacal ya rage. Sai ya yanke shawarar zuwa gidansu, ko mahaifiyarta za ta sa baki.

Ran Asabar da hantsi ya hau tasi zuwa mahaɗar Ushafa, ɗan acaɓa ya ƙarasa da shi. Ya tarar da mahaifiyar Serah, Alice, a bayan gida ƙarƙashin rumfar kwano, tana gina wata babbar randa. Randar na zaune a wuri ɗaya, ita ce ke zagaya ta da baya da baya, hannu ɗaya a ciki ɗaya a waje. A ɗakin da ke gefe ɗanyun tukwane ne jere a ƙasa, an rufe wasu da tsofaffin buhuna. Serah ta kawo masa kujera da ruwa.

Bayan gaisuwa ya faɗi abin da ya kawo shi. Maman Serah ba ta daina zagayawa ba. Da ya zo kan maganar shanya a rana sai ta tsaya, ta dube shi.

"Wannan mai rubutu, ya taɓa sa hannu a yumɓu kuwa?"

Ya ce da wuya. Ta ce to me ya sa za a kayar da yarinya a bar shi? Ya yi ƙoƙarin bayani, ya ga ita ma ta koma bayan 'yarta. Ta ce ita ba ta yi boko ba, amma ba ta haifi mai faɗin abin da ba haka ba. Sai dai muryarta ta sauka da ya ambaci maimaita aji. Ta ce Serah ce ta farko a gidan da ta kai aji shida, kuma makarantar koyon jinya take so ta shiga.

Suna cikin haka waya ta yi ƙara a kan taga. Hannun uwar duk yumɓu ne, don haka Serah ta ɗauka, da alama aikinta ne kullum. Wani mai sayar da furanni ne a Wuse, Oga Marvel, wanda ya sa a gina masa tukwanen shuka talatin. Serah ta saurara, ta rufe bakin wayar da tafin hannu.

"Mama, a fitar da su rana su bushe da wuri, Talata yake so. Ya ce haka ake yi a ko'ina."

"Ce masa in tsingaro yake so, Talata ma ta yi nisa, yau zan aika masa. In tukunya yake so, sai wani sati."

Serah ta isar da saƙon, ta ɗan rage masa kaifi, ta ajiye wayar.

Malam Yamusa ya kurɓi ruwa ya ajiye kofin. Ya ce wa Serah yanzu da kunnensa ya ji ta ce a fitar da tukwane rana.

"Ba ni na ce ba, Malam. Oga Marvel ne ya ce."

"Amma daga bakinki ya fito."

"Ai saƙo ne. Mama ta san ba maganata ba ce."

"Da kin gyara masa, kin ce wa Mama ya ce a bar su a inuwa fa?"

"Da na yi ƙarya kenan, don ba haka ya..."

Ba ta ƙarasa ba. Ta tsaya tana kallon ƙasa.  Uwar ta dube su su biyu, ta koma kan randarta tana murmushi.

Can Serah ta ce, to wanda zai duba takardar, ta yaya zai san saƙo ne? Ya karɓi littafinta ya rubuta mata kalmomi huɗu na Turanci, ma'anarsu "a cewar marubucin". Ya ce ta fara duk amsar da ke damunta da su, daga nan abin da ya biyo baya kayan marubucin ne, ita ta isar kawai. Ta karanta su a fili sau biyu. Sai ta tambayi inda gyaran zai tafi, don shi Oga Marvel ana mayar masa da amsa, marubucin nan kuwa wa zai gaya masa? Malam Yamusa ya yi tunani kaɗan, ya ce ta rubuta gyaran da fensir a bayan takardar tambayoyi, wadda ba a karɓa, ta kawo masa shi zai karanta.

Litinin suka fara, rabin awa kullum bayan an tashi. Ranar farko ta amsa tambayoyi uku, ta juya takarda ta shiga gyara wa marubucin har lokaci ya ƙare. Ya kafa mata doka: ba fensir sai biro ya gama aikinsa. Talata ta gama da saura minti biyu. Laraba ya ba ta labarin yadda ake ƙona gawayi, ta amsa bakwai daidai, ta takwas ta manta ta saka nata a ciki. Ya zagaye wurin da jan biro, ita da kanta ta ce ta gani.

Ran Alhamis su tara suka zauna a ɗakin karatu. Mista Dominic ne ya zaɓo takardar, Malam Yamusa bai gan ta ba sai da aka raba. Da ya duba ɓangaren auna fahimta sai ya ga labarin yadda mata ke yin man kaɗanya ne. Ko shi da ya tashi a cikin gari ya ga wurin da marubucin ya tsallake suyar ƙwaya gaba ɗaya.

Ya zauna a gaban ɗakin yana kallonsu. Serah ta gama nahawu da kalmomi da sauri, ta juya shafi. Ya ga ta karanta, ta ɗaga kai ta dubi silin, ta sake karantawa. Hannunta ya kai kan fensir. Ta riƙe shi ɗan lokaci, sannan ta tura shi can ƙarshen tebur, ta ɗauki biro. Ba ta ƙara ɗagowa ba sai da ya ce saura minti biyar.

Bai duba takardun da kansa ba. Ya ba Malama Cynthia, mai koyar da 'yan aji biyar, wadda ba ta san labarin ba. Shi kuwa bayan takardar tambayoyin Serah ya karanta, gyara huɗu a jere da lamba, na ƙarshe an rubuta shi a gurguje har bai ƙare ba.

Juma'a ƙarfe goma Malama Cynthia ta kawo sakamako. Bakwai sun ci, biyu sun faɗi. Serah ta samu sittin da uku. Malama Cynthia ta ce yarinyar nan ta iya Turanci, sai dai ta cika jingina komai ga marubuci, kamar mai ba da shaida a kotu. Malam Yamusa ya ce a bar ta haka.

Ya fara zama da yaran biyu da suka faɗi, ya daɗe da su. Bayan nan ya aika a kira Serah ofishin Mista Dominic. Tana tsaye aka buga sunanta a kwamfuta, na tamanin da uku a jerin. Mista Dominic ya ce ta kawo hoto biyu ran Litinin, cikin kayan makaranta, kuma kada ta je ta gyara wa mai hoton aikinsa. Ta rusuna ta yi godiya, tana ƙoƙarin ɓoye dariya.

A baranda Malam Yamusa ya tuna mata cewa babbar jarrabawar saura wata uku, kuma akwai kalmomi arba'in da ya ba ajin su nemo ma'anarsu su sa a jimla kafin Litinin.

"Na yi talatin, Malam."

"To, saura goma. Koma aji."