Dutsen Niƙan Inna Saudatu

"Kawar mani da wannan abin daga baki, Barau. Ni ba gidan rediyo ba ce."

Na janye wayar. Kwana uku ke nan ina zarya gidan Inna Saudatu, maƙwabciyata a 'Yargoje, ina so in ɗauki waƙar niƙan da ta gada wajen kakarta. Duk garin babu sauran mai ita, ga Inna kwance tun bayan babbar salla, ko kunu sai da lallashi. Ni kuwa marubuci ne. Ina da littafi a WhatsApp da masu karatu goma sha ɗaya, har da matata, wadda ke bi don ta ga ko na sako ta.

"Inna, ko baiti biyu."

"Ba ta fitowa haka nan, sai dutse na kuka. Ku 'yan inji mi kuka sani?"

Ɗiyarta Suwaibatu, da ta zo jinya daga Sabuwa, ta nuna mani dutsen a bayan rumbu, kaji na shan ruwa ciki. Muka wanke shi. Ita ta tallabo uwar ta jingina ta da ƙirjinta, don haka niƙa ya faɗo kaina. Na kunna wayar na aje gefe, na naɗe hannun riga na durƙusa, da furfurata da komai.

"Wannan niƙa ne ko guga?" in ji Inna. "Sa ƙugu! Da surukata ce kai, da yau ka kwana gidanku."

Na sa ƙugu. Garin gero ya fara zuba a faifai, sai murya ta taso, siririya, tana bin dutsen. In na tura ta ja baiti, in na dawo ta numfasa. Mata bakwai ta jero, uwa bayan uwa, da garin da aka kai kowace aure da abin da ta tarar can. Na tsaya shan iska, ta yi shiru. Ban ƙara tsayawa ba.

Ranar Alhamis bayan la'asar ta cika.

Da aka share makoki na tura wa Suwaibatu abin da na ɗauka. Rabinsa hakina ne. Washegari da hantsi ina ba tumaki dusa na jiyo ta ta katanga, ta sa wayar cikin ƙwarya don ta yi ƙara, tana bi a hankali, tana kuskure, tana mayarwa baya. Da waƙar ta kai kan mace ta bakwai wayar ta yi shiru. Ita ta ci gaba, ta sa sunan Saudatu.