Jiniyar Sha Biyu

Torleiv bai taɓa iya feɗe kifi da kyau ba. Ya sha faɗa cewa kamfanin kifin gwangwani da yake wa aiki ya rufe ne don kada ya ci gaba da jin kunyarsa. Yanzu an mai da masana'antar gidan tarihi, shi kuma aikinsa ya ɗaura gyauton roba mai tsabta, ya danna jiniya da sha biyun rana, baƙi su ɗauki hoto.

A da, bakin ruwan nan kamfanoni ne jere, kowanne da kukan jiniyarsa. Jirage na sauke kifi, mata za su bar tukunya a wuta su fito da gudu. Garin ya yi ƙarnin kifi, amma akwai hayaniya.

Matsalar ita ce mahaifiyarsa, Borghild, wadda ita ma a kamfanin ta yi aiki. Tsufa ya kwashe mata sunayen 'ya'yanta, bai taɓa wannan kukan ba. Tana ji sai ta zura takalman roba, ta gangara kan ƙanƙara da yatsunta da ruwan gishiri ya kanannaɗe, ta tsaya a ƙofar baya tana jira a buɗe.

Ranar da ta faɗi ta fasa goshi, yayarsa Aud ta ce in aka sake, sai gidan tsofaffi.

"Kai ke kiranta, sarkin danna maɓalli," in ji ta. "Kamfanin da ya sallame ta ko sannu babu."

Ya roƙi shugaban wurin a daina. Aka ce masa baƙi don jiniyar suke zuwa. Sai ya zare waya ɗaya, ya ce ta lalace.

* * *

Borghild ta daina fita. Ta kuma daina cin abinci. Ya kai mata dankali da miya, ta turo masa kwanon.

"Ci, yaro. Na riga na ci a kicin."

Ya tsaya riƙe da cokali. Haka takan ce suna ƙanana, duk ranar da jirage suka dawo wayam. Sai yau, da furfurarsa, ya gane ba ta taɓa ci a kicin ba.

* * *

Ya mayar da wayar. Yanzu yana dannawa sai ya ruga ƙofar baya, ya tarye ta a gangaren, ya ce mata an tashi, yau an yi aiki sosai. Takan cinye kwanonta tas. Aud ba ta sani ba tukuna.

Kifin gwangwanin da ake sayar wa baƙi a bakin ƙofa, daga Maroko ake kawo shi.