Ciwon da Aka Ƙaga wa Uwar Auta

A madatsar ruwan da ke gab da iyaka akwai wani dattijo da ake kira Mai Ƙofa, domin shi ke danna maɓallin da ke ɗaga ƙofofin ruwa. Kogin idan ya bar hannunsa ƙasar maƙwabta yake shiga, kuma garin farko da yake tararwa a can, nan autarsa take auren wani tela.

Damina ta yi nauyi, har ruwa ya haura jan layin da aka zana a jikin bango. Injiniya ya tara ma'aikata da safe, ya ce idan ba a saki ruwa jibi ba, bangon kansa zai tafi. Mai Ƙofa ya tambaya ko an gargaɗi mutanen ƙetare. Injiniya ya ce wannan magana ce tsakanin gwamnati da gwamnati, saƙo ya riga ya tafi ma'aikata, kuma duk wanda ya riga hukuma buɗe baki zai bar aiki babu fansho. Wani ya ce ai ruwan zai riga saƙon isa, tunda shi ba a tsayar da shi a nemi fasfo. Aka yi 'yar dariya aka watse.

Mai Ƙofa ya zaga bayan ɗakin injin ya kira 'yarsa.

"Auta, mahaifiyarki ba ta da lafiya. Ki taho yau, ke da yaran."

Ta ce to yaya za ta yi da surukarta, tsohuwar da ƙafa ta hana tashi? Maganar gaskiya ta zo masa har leɓe. Sai ya hango motar Injiniya, ya tuna saura masa kaɗan ya yi ritaya. Ya ce mijinta ya kula da ita.

Matarsa ta ƙi wannan shiri. Ta ce tun da take ba a taɓa sa ta kwanciyar ƙarya ba, idan ciwo yake so ya kwanta da kansa. Duk da haka, da ta ji sallamar Auta a ƙofa sai ta ɗaure kai ta hau gado. Auta ta taɓa goshinta ta ji sanyi, ta dubi wankin da ke ɗiga a igiya.

Ranar da aka tsayar, Mai Ƙofa ya danna maɓalli. Saƙon gwamnati kuwa ya faɗa hutun ƙarshen mako a kan teburin wani ofis. Tela yana shagonsa a tudun kasuwa ruwa ya shiga unguwa; kafin ya iso gida ruwan ya kai taga. Ba a fito da tsohuwar da rai ba.

Bayan an share makoki, tela ya zo ɗaukar iyalinsa. Ya cire takalmi, ya durƙusa, ya tambayi jikin Inna, surukarsa. Ya ce shi ya ɗauki ciwon nan rahama ce, domin ba don shi ba da har yaransa zai binne. Ya yi ta godiya. Mai Ƙofa ya amsa da kansa a ƙasa, yana murza bakin tabarma har ta fara warwarewa.

Da tela ya fita neman mota, Auta ta kawo wa mahaifinta ruwa, ta ajiye kofin nesa da hannunsa.

"Baba, da ka ce mini ruwa ne, da na goyo ta. Ba ta fi ɗana nauyi ba."

Ya fara maganar dokar aiki. Ta ce ba za ta gaya wa mijinta ba, amma ita za ta riƙa kallon mijin kullum da wannan a cikinta. Ta ja yaranta, ta fita ba ta waiwayo ba.

Da Mai Ƙofa ya koma aiki, Injiniya ya sanar cewa amsar maƙwabta ta iso, suna godiya da sanarwa, kuma ruwa ya sake taɓa jan layi, za a buɗe ƙofa jibi. Ya maimaita gargaɗin fansho. Mai Ƙofa bai zaga bayan ɗakin injin ba. A nan inda yake tsaye ya ciro waya ya kira tela, ya ce masa ya saurara da kyau, akwai saƙon da zai kai wa unguwarsu, akwai kuma maganar ciwon Inna da zai ji shi kaɗai.