Abin da Sha'aban Yake Kallo

Alhaji Sha'aban ya fara lura da abin ne a wurin mai shayi. Ya tsaya sayen burodi da safe, sai ya ga wasu samari a kan benci suna duban waya, su ɗago su dube shi, su sake sunkuyawa suna danne dariya. Ya duba rigarsa, ba ta yage ba. Ya taɓa hularsa, tana nan zaune. Ya karɓi burodinsa ya wuce.

Dillalin dabbobi ne shi, ya doshi sittin, kuma a Daura an san shi da rashin son wargi. Duk Lahadi yana kara ta Mai'adua, inda yake haɗa masu shanu da raƙuma da masu saye daga kudu. Wayarsa ƙarama ce, ta kira da amsawa, a aljihun gaba take kwana tare da goro.

Ranar Lahadin da ta biyo baya, direban motar da ya shiga ya juyo ya dube shi da kyau, ya ce, "Baba, don Allah ba kai ne na cikin hoton nan ba?"

"Wane hoto?"

Direban ya yi murmushi kawai ya tada mota.

Da ya dawo gida da yamma ya kira 'yarsa Sadiya, wadda ke karatun koyarwa kuma ita ce mai babbar waya a gidan. Ya tambaye ta ko ta san wani hoto nasa da ke yawo. Ta dubi mahaifiyarta Maiturare, wadda ke tsince shinkafa a bakin ƙofa. Maiturare ta ce, "Nuna masa. Gara ya gani a gida."

Shi ne kuwa. Yana tsaye a kara, hula ta ɗan karkace, gira ɗaya ta yi sama, baki a buɗe kaɗan, hannunsa riƙe da ɓarin goro da ya tsaya a hanya bai kai baki ba. Idanunsa na kan wani abu da ba ya cikin hoton. A ƙasa an rubuta: "Ni idan na ga an kawo wuta tun safe ba a ɗauke ba."

Sadiya ta ja yatsa, wani ya fito. Fuskar ce dai, rubutun ne ya canza: "Maigida idan ya ji baƙi sun ce za su ƙara kwana." Akwai na ɗalibai ranar jarrabawa, akwai na masu kallon ƙwallo, akwai wani da Faransanci da Sadiya ta ce daga Nijar ya fito.

"Har kacici-kacici aka yi da shi, Baba," in ji ta. "Ana yi maka tambayoyi, ka amsa, sai a gaya maka wane irin ɗan kasuwa ne kai, a nuna maka hoto."

"Ni ma na gwada," in ji Maiturare, ba ta ɗago daga faranti ba. "Kai na samu."

Sha'aban ya karɓi wayar ya matsar da ita nesa da ido, ya daɗe yana kallo. Sun zaci faɗa zai yi. Sai ya ce, "To me nake kallo haka?"

Babu wadda ta sani. Shi ma bai sani ba. Ya gane rigar, ya gane rumfar da ke bayansa, ta masu raƙuma ce. Amma abin da ya sa shi, mutumin da ya ga bijimi ya tsinke igiya ya ratsa kasuwa bai ko motsa ba, ya saki baki haka, ya kasa tunawa.

Bayan sallar asuba ya kai maganar wurin Malam Kalilu, limamin unguwarsu. Malam ya ce shi ma an nuna masa. Ya ce idan abin yana ƙona masa rai, to izgili ne, kuma yana da haƙƙin a daina. Shi Malam zai iya yin magana a kai bayan salla, ko a kai ƙara wurin 'yan Hisba.

"Bai ƙona mini rai ba, Malam," in ji Sha'aban. "Fuskar da Allah ya ba ni ce. Abin da ya hana ni sukuni, ban san abin da na gani ba."

Sadiya ta ɗauki aikin binciken. Ta tambayi ƙawar da ta turo mata, ita kuma ta ce daga zauren Wasaf na 'yan ajinsu ta samu. Wanda ya sa a can ya ce a Fesbuk ya gani. Aka bi har kan wani ɗan Maraɗi, wanda ya ce shi ma tsintar sa ya yi. Kullum da yamma Sha'aban yakan tambaye ta inda aka kai, kamar mai bin sawun saniyar da ta ɓata. Abin ya fara ba shi sha'awa: yadda hoto ke fita daga hannu zuwa hannu ba wanda ya san mafarinsa, kowa ya ɗora masa maganar da ke cikinsa.

Wata rana Sadiya ta ci karo da wani kwafi da ba a yanke shi sosai ba. A gefe ana ganin wuyan raƙumi, a ƙasa kuma ƙananan haruffa: Lafiyar Garke. Ta nema, ta samu shafi ne a intanet, na wani malamin dabbobi mai suna Nu'uman da ke aiki a Mashi. Yana rubutu kan cututtukan dabbobi da Hausa, da hotuna, har da lambar wayarsa. Sha'aban ya kira shi da kansa, ya ce yana so ya zo.

Ya tarar da Nu'uman a bayan ofishinsu yana wanke hannu, ya gama duba wata akuya. Saurayi ne dogo mai gilashi. Da ya ga Sha'aban sai ya durƙusa ya gaishe shi, ya fara ba da haƙuri tun kafin su zauna.

"Wallahi Baba, raƙumi na ɗauka. Ƙazuwa ce ta kama shi, na yi rubutu kan yadda ake gane ta da wuri. Kai a gefe ka fito, ban ma lura ba. Wani ne ya yanke raƙumin ya bar ka."

"Mutane sun karanta na raƙumin?"

Nu'uman ya yi 'yar dariya. "Kaɗan. Yawanci abokan aikina. Kai kuwa har wani ɗan'uwana da ke Saudiyya ya turo mini kai, bai san ni na ɗauka ba."

Sha'aban ya ce ba ƙara ya kawo ba, tambaya ce. Ya gaya masa abin da ke damunsa. Nu'uman ya ɗan yi tunani, ya shiga ciki ya fito da kwamfuta, ya ɗora a kan benci. Ya ce ranar ya ɗauki hotuna da yawa, yana zagaya raƙumin ta kowane gefe, don haka wataƙila wani ya kama abin da ke gaban Baba.

Suka riƙa wucewa ɗaya bayan ɗaya. Ƙafar raƙumi. Wuyansa. Sha'aban da goronsa. Sai wanda aka ɗauka daga ɗaya gefen: ga ƙeyar Sha'aban da hularsa, gabansa kuma mutane na wucewa. Wata mai fura. Wani Buzu da takobi. Can bayansu, wani tsoho siriri ɗauke da damin igiyoyi a kafaɗa, kafaɗar hagu ta fi ta dama sauka.

"Tsaya," in ji Sha'aban. "Ƙara girman wannan."

Nu'uman ya ƙara. Fuskar ta ɗan dusashe, amma akwai tabo a haɓa.

Sai abin ya dawo masa gaba ɗaya. Ranar ya ga wani mutum yana tafiya irin tafiyar Mainasara, abokinsa na samartaka, ya tsaya cak. Kafin ya yi wani motsi mai saye ya ja hannun rigarsa, ciniki ya ɗauke shi, kuma ya ce wa ransa kama ce kawai, tunda matattu ba sa zuwa kasuwa. Daga nan bai sake tunawa ba.

Ya ba Nu'uman labarin a taƙaice. Tun suna samari shi da Mainasara suke koro shanu a ƙafa daga wajen Damagaram. Tabarma ɗaya suke shimfiɗawa, ƙwarya ɗaya suke sha. Tabon nan ƙahon wata karsana ne, a gabansa aka yi. Daga baya Mainasara ya bi ayari zuwa Agadas, ya ci gaba arewa, labarinsa ya yanke. Shekaru da yawa da suka wuce wani direba ya kawo labarin ya rasu a hamada. Sha'aban ya yi masa addu'a, ya yi sadaka.

"Masu igiya irin wannan daga Kongolam, can bakin iyakar Nijar, suke shigowa," in ji Nu'uman. "Suna da rumfa kusa da inda manyan motoci ke tsayawa."

Kafin Sha'aban ya tafi, Nu'uman ya tambaye shi ko yana so ya cire hoton daga shafinsa. Sha'aban ya ce a bar shi, raƙumin ma yana da haƙƙi. Ya kuma ce a ba shi bayanin ƙazuwar da baki, don yana da masu raƙuma da za su so ji. Nu'uman ya yi masa bayani har bakin tasha.

Washegari Sha'aban ya hau motar Kongolam. Ya sauka cikin hayaniyar masu dako da 'yan canji da babura masu ɗaukar buhuna zuwa tsallake. Ya tambayi rumfar masu igiya, aka nuna masa. Mutum na farko bai san sunan ba. Na biyu ya ce, "Ko Baban Agadas kake nufi? Ga shi can ƙarƙashin dalbejiya."

Tsohon yana zaune a kan buhu, ya maƙale bakin igiya a babban yatsan ƙafa yana tufka. Sha'aban ya tsaya a kansa ya yi sallama. Tsohon ya amsa bai ɗago ba, ya ce, "Ta shanu ko ta raƙumi?"

"Ta karsana mai ƙaho," in ji Sha'aban.

Hannun ya tsaya. Tsohon ya ɗago a hankali. Idonsa ɗaya ya yi fari, ɗayan ya ƙanƙance yana neman fuskar mai magana.

"Sake magana," ya ce.

"Mainasara, ni ne."

"Sha'aban." Ya saki igiyar, ya miƙa hannu biyu. Sha'aban ya durƙusa ya kama su.

Da suka natsu, Sha'aban ya gaya masa an ce ya rasu. Mainasara ya ce ya ji hakan shi ma. Wanda ya rasun wani takwaransa ne ɗan Tasawa, motarsu ta lalace a hanya. Shi kuwa ya yi shekaru yana kiwon raƙuman wani Balarabe, ya yi aure a Agadas, matar ta rasu, idonsa ya fara ciwo, sai ya gangaro kusa da gida. Ya yi niyyar zuwa Daura ba sau ɗaya ba, amma ya ji nauyin ya je ya tambaya a ce masa duk wanda ya sani ya tafi.

Sai ya fara tambaya, suna bayan suna. Sada mai tsaron rijiya? Ya rasu. Hussaini mahauci? Yana nan, ya daina fita. Lami mai tuwo a tsohuwar tasha? Jikarta ce ke riƙe da tukunyar yanzu, kuma miyar ba ta kai ta da ba. Mainasara ya yi dariya har ya yi tari.

Aka kira azahar. Mainasara ya tattara igiyoyin ya bar wa maƙwabcinsa amana, ya laluba takalminsa. Sha'aban ya riƙe masa hannu suka tsallaka titi, saboda babura.

"Ranar Juma'a zan zo in ɗauke ka," in ji Sha'aban. "Ka kwana biyu a Daura. Akwai likitan ido da ke zuwa asibiti, sai a duba wannan ɗayan."

"Sai ka kai ni wurin Hussaini tukuna," in ji Mainasara.

"Gidansa na kan hanya."

Suka karɓi buta a bakin masallaci, suka tsuguna gefe da gefe suka fara alwala.